Nazarin Lamari: Bishop na Landan da Sabon Alkawari na Fasa-ƙwauri, 1523 zuwa 1546

Lamarin ya shafi yanki guda na Cocin Katolika, wanda ke ƙarƙashin bishop na Landan, kuma ya faro ne a shekarun da Ingila ba ta kai ga raba gari da Fafaroma ba. Wani ƙaramin littafi ne, Sabon Alkawari da Turanci, da aka buga a ƙetare ya riƙa shigowa ta jiragen ruwa. Doka ta haramta shi, shugabannin coci sun tsine masa, jama'a kuma suna saye. An shafe shekara 20 ana neman yadda za a yi da shi.

Yadda abubuwa suke kafin 1523

Tun 1409 akwai doka a Ingila, wadda Akbishop Thomas Arundel ya kafa, cewa ba mai fassara wani nassi na Littafi Mai Tsarki zuwa Turanci, ba kuma mai karanta sabuwar fassara, sai da izinin bishop. An yi dokar ne saboda mabiyan John Wycliffe, waɗanda suka fassara littafin daga Latin suna kwafe shi da hannu suna yawo da shi a ɓoye. Ta yi aiki sama da shekara 100, domin kwafin hannu yana cin watanni kuma yana da tsada. Idan aka kama guda aka ƙone, an yi wa masu shi asara ta gaske. Zuwan injin buga littafi Westminster a 1476, ta hannun William Caxton, bai canza komai ba. Masu ɗab'in Ingila 'yan kaɗan ne, kusan dukansu a Landan suke, a gaban idon bishop, kuma babu wanda ya yi gigin taɓa wannan aiki. A ƙasashen Jamusawa kuwa tun 1466 ake buga Littafi Mai Tsarki da harshensu.

Daga waje iska ta kaɗo. A 1516 wani babban malami ɗan ƙasar Holand, Erasmus, ya fitar da Sabon Alkawari da Girkanci a Basel. A 1517 malamin coci Bajamushe Martin Luther ya fara jayayyarsa da Roma, ƙananan littattafansa suka bazu har kasuwar Landan. Ranar 12 ga Mayu 1521 aka tara su aka ƙone a farfajiyar babban cocin St Paul, Kadinal Wolsey, babban wazirin sarki, yana zaune. A shekarar ce Sarki Henry na Takwas ya fitar da littafin raddi ga Luther, Fafaroma ya naɗa masa laƙabin Mai Kare Addini. A Satumban 1522 Luther ya fitar da Sabon Alkawari da Jamusanci, kafin ƙarshen shekara an sake buga shi saboda ya ƙare.

A 1522 ɗin aka naɗa Cuthbert Tunstall bishop na Landan. Malami ne da ya yi karatu a Padua, ya san Girkanci, abokin Erasmus ne, har littafin lissafi ya rubuta.

1523 zuwa farkon 1526: an rufe ƙofa a gida, an buɗe a waje

A 1523 wani matashin firist da ya yi karatu a Oxford, William Tyndale, ya zo neman aiki a gidan Tunstall, da niyyar ya fassara Sabon Alkawari daga Girkanci bisa izini, kamar yadda dokar 1409 ta tanada. Ya zo da fassarar wani jawabin tsohon marubucin Girka don a ga iyawarsa. Bishop ya ce gidansa a cike yake. Wani attajirin ɗan kasuwar yadi, Humphrey Monmouth, ya sauke shi na kimanin wata shida, ya kuma taimaka masa da kuɗi. A 1524 Tyndale ya bar Ingila, bai sake taka ta ba. A Oktoban wannan shekara Tunstall ya kira masu sayar da littattafai na Landan ya ja musu kunne kan shigo da rubuce-rubucen Luther.

A 1525 aka fara buga fassarar a birnin Kolon na Jamus, a maɗaba'ar Peter Quentell. Wani malamin Katolika mai suna Johann Cochlaeus, wanda shi ma yake da aiki a hannun masu ɗab'in birnin, ya ji ƙishin-ƙishin. Ya gayyaci wasu ma'aikata masaukinsa, ya ɗirka musu giya har bakinsu ya buɗe, suka gaya masa cewa kwafi 3,000 ake bugawa wa wasu Turawan Ingila biyu. Ya kai magana ga hukumar birnin, aka tsayar da aikin, aka kuma aika wa Sarki Henry da Wolsey gargaɗi su sa ido a tashoshin jiragen ruwa. Tyndale da mataimakinsa William Roye suka kwashi takardun da aka riga aka buga, wanda bai wuce babi na 22 na Matiyu ba, suka bi kogin Rhine zuwa Worms. A can Peter Schoeffer ya buga littafin gaba ɗaya a farkon 1526.

Girman littafin yana da muhimmanci a wannan lamari. Na Kolon babba ne, mai sharhi a gefe. Na Worms ƙarami ne da zai shiga aljihu ko hannun riga, ba sharhi a gefe, ba sunan mai fassara. Ana iya cusa takardunsa tun ba a ɗinke su ba cikin dilolin yadi da sauran kaya, su sauka a Landan ko a tashoshin gabashin Ingila.

Oktoba 1526: haramci da wuta

Tun kafin littafin ya iso an fara samame. A farkon 1526 aka kutsa unguwar 'yan kasuwar Jamus da ke bakin kogin Thames ana neman littattafan Luther, kuma a Fabrairu aka sake cinna wuta a St Paul, aka sa wani malami mai suna Robert Barnes ya janye wa'azinsa a bainar jama'a.

A Oktoba Tunstall ya fitar da umarni: duk mai riƙe da fassarar ya miƙa ta cikin kwana 30, ko a fitar da shi daga coci a kuma tuhume shi da bidi'a. Ya hau mumbari a farfajiyar St Paul ya ce ya gano kurakurai kimanin 2,000 a cikinta, aka ƙone kwafin da aka samu. Ya sake tara masu sayar da littattafai. Abin da ya fi tsaya wa shugabannin coci a rai shi ne zaɓin wasu kalmomi. Inda aka saba jin coci, Tyndale ya sa taron masu bi. Inda aka saba jin firist, ya sa dattijo. Inda aka saba jin kaffarar da ake yi ta hannun firist, ya sa tuba kawai. Mai karanta wannan fassara zai nemi matsayin firist da ikonsa a cikin nassi ya rasa.

Yadda cinikin ke tafiya a ƙasa ya fito ne daga bakin wani mutumin ƙauyen Steeple Bumpstead a Essex, John Tyball, lokacin da ake tuhumarsa a 1528. Ya ce a kakar 1526 shi da abokinsa sun zo Landan wurin Robert Barnes, wanda a lokacin yake tsare a gidan 'yan ɗarikarsa. Suka nuna masa tsofaffin kwafin hannu na Linjila da wasiƙun manzanni da suke ji da su. Barnes ya yi musu kallon raini, ya ce ba su kama ƙafar sabon bugun ba, domin Turancinsa ya fi tsabta. Ya sayar musu da guda a kan sule 3 da kwabo 2, ya ce su ɓoye shi da kyau. (Lissafin fam da sule da kwabo ne wanda kakanninmu suka yi aiki da shi kafin naira: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya.) Wato mutumin da aka sa ya janye maganarsa a Fabrairu, kafin shekara ta ƙare yana sayar da haramtaccen littafi daga inda ake tsare da shi.

Kafin 1526 ta fita, wani mai ɗab'i a Antwerp (a Beljiyam ta yau), Christopher van Ruremund, ya buga nasa kwafin ba tare da ya tambayi Tyndale ba. Antwerp ce babbar kasuwar yadin Ingila, jirage na kai da komo kullum, kuma tana ƙarƙashin Sarki Charles na Biyar, hannun bishop na Landan bai kai can ba. Jakadan Ingila John Hackett ya yi ta zarya wurin hukumomin birnin. An ƙone wasu kwafi a farkon 1527, mai ɗab'in kuma ya ci gaba da sana'arsa. Maɗaba'ar ta sake buga littafin sau da dama kafin 1534.

1527 zuwa 1530: a saye a ƙone

Da aka ga wuta a Landan ba ta hana jirgi sauke kaya, sai aka yi shawarar tare kayan tun daga tushe. A 1527 Akbishop William Warham na Canterbury ya sa aka saye kwafin da ke kasuwa a ƙetare, ya kashe sama da fam 66, sannan ya rubuta wa bishop-bishop su kawo gudummawa. Bishop Richard Nix na Norwich ya amsa da yabo da alkawarin nasa kason.

Marubucin tarihi na zamanin, Edward Hall, ya kawo labarin irin wannan ciniki da Tunstall kansa ya yi a Antwerp a 1529, a tafiyar da ya yi don yarjejeniyar sulhu ta Cambrai. A cewarsa, wani ɗan kasuwar Landan, Augustine Packington, ya yi wa bishop tayin zai sayo masa duk abin da ya rage, sai ya wuce kai tsaye wurin Tyndale. Tyndale ya ce madalla, zai biya bashi ya kuma sami kuɗin gyara fassarar, duniya kuma za ta yi Allah wadai da masu ƙone maganar Allah. Hall ya ce bishop ya sami littattafai, Packington ya sami godiya, Tyndale ya sami kuɗi. Ya ƙara da cewa daga baya da Thomas More, lauya kuma babban jami'in sarki, ya tambayi wani da aka kama, George Constantine, wa ke ɗaukar nauyinsu a ƙetare, sai ya ce bishop na Landan ne ya fi kowa taimaka musu. Masana tarihi na yi wa wasu sassan wannan labari kallon shakka, amma sayen da Warham ya yi yana nan a rubuce cikin wasiƙu. A Mayun 1530 an sake tara littattafai an ƙone a St Paul.

A wannan tsakanin kayan da ke shigowa sun ƙaru. A 1528 Tyndale ya fitar da littattafai biyu na jayayya, ɗaya kan cewa bangaskiya ce ke kuɓutar da mutum, ɗaya kan biyayya ga sarki maimakon Fafaroma. A 1529 wata 'yar takarda ta Simon Fish ta bazu a Landan tana zargin limaman coci da cinye dukiyar talakawa da sunan yi wa matattu addu'a. A 1530 littattafan Musa biyar suka fito, Tyndale ya fassara su daga Ibrananci, da sharhi mai zafi a gefe.

1528 zuwa 1533: amsa da alƙalami

A Maris 1528 Tunstall ya ba Thomas More izinin karanta haramtattun littattafai don ya mayar da martani da Turanci, harshen da masu sayen ke ji. More ya fitar da littafinsa na farko a 1529, Tyndale ya amsa a 1531, More ya sake dawowa a 1532 da 1533 da raddi mai kalmomi kusan rabin miliyan. Salonsa shi ne ya kawo maganar Tyndale yanki-yanki sannan ya rushe ta. Duk wanda ya sayi littafin More a fili, ya sami hujjojin Tyndale a ciki ba tare da ya karya doka ba.

1528 zuwa 1536: farautar mutane

A nan ne aka fi zubar da hawaye. A Fabrairun 1528 aka gano cewa wani limami daga Landan, Thomas Garrett, yana kai littattafai Oxford. Aka kama ɗalibai da matasan malamai, aka kulle wasu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na kwalejin Wolsey inda ake ajiyar kifi mai gishiri, wasunsu suka mutu kafin a sake su. A shekarar aka kai Monmouth kurkukun Tower. Van Ruremund da ya zo Landan sayar da kaya, a kurkuku ya mutu a 1531.

Tunstall shi kansa ya fi son mutum ya janye maganarsa a sallame shi. Haka ya yi ta lallashin Thomas Bilney a 1527 har ya janye. Amma a Oktoban 1529 More ya zama shugaban shari'a na ƙasa, a 1530 aka mayar da Tunstall Durham, John Stokesley ya gaje shi a Landan, hukunci ya yi tsanani. A Yunin 1530 sanarwar sarki ta haramta littattafan Tyndale, tare da alkawarin cewa in jama'a sun bar kurakurai, sarki zai sa malamai su yi fassarar kirki. An ƙone Thomas Hitton a Maidstone a 1530, Bilney a Norwich a 1531. Richard Bayfield, wanda ya shigo da kaya sau uku ta hanyoyi daban-daban, an ƙone shi a Smithfield da ke Landan a ƙarshen 1531, sai John Tewkesbury mai sayar da fata, sai lauya James Bainham a 1532, sai John Frith a Yulin 1533.

A 1531 Stephen Vaughan, wakilin mashawarcin sarki Thomas Cromwell, ya gana da Tyndale a Antwerp don ya lallashe shi ya dawo gida. Tyndale ya ce in sarki zai yarda a ba jama'a nassin kaɗai da Turanci, ko fassarar wa ce, shi zai daina rubutu ya miƙa kansa. Ba a karɓi tayin ba. A Nuwamban 1534 ya fitar da gyararren Sabon Alkawari a Antwerp. A Mayun 1535 wani Bature ɗan Ingila, Henry Phillips, ya yaudare shi ya fito daga gidan 'yan kasuwar Ingila, jami'an Sarki Charles suka kama shi. Bayan sama da shekara guda a kurkukun Vilvoorde kusa da Brussels, aka shaƙe shi aka ƙone gawarsa a Oktoban 1536.

1534 zuwa 1541: sarki ya karɓi littafin

Kafin a kashe Tyndale ƙasa ta riga ta juya. Fafaroma ya ƙi raba auren Henry da Catherine ta Aragon, Henry ya auri Anne Boleyn a 1533, a 1534 majalisa ta ayyana shi shugaban cocin Ingila. Anne tana da kwafin bugun Tyndale na 1534, wanda har yau yake a babban ɗakin karatu na Birtaniya. More ya ƙi amincewa da sabon matsayin sarki, aka fille masa kai a Yulin 1535. A Disamban 1534 taron limaman lardin Canterbury ya roƙi sarki a yi fassara. A Oktoban 1535 Miles Coverdale ya fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Turanci daga ƙetare, ba a hana shi shigowa ba.

A 1537 wani bugu ya iso da sunan Thomas Matthew, kwafi 1,500. Sunan na aro ne. John Rogers, abokin Tyndale, shi ya haɗa aikin: Sabon Alkawari da kusan rabin Tsohon Alkawari na Tyndale ne, saura na Coverdale. A ƙarshen Tsohon Alkawari har an buga manyan haruffa W da T, haruffan farko na sunan William Tyndale. Akbishop Cranmer na Canterbury ya rubuta wa Cromwell ya nemo izinin sarki a sayar da shi kafin bishop-bishop su gama tasu fassarar, wadda ya ce a ganinsa sai kwana ɗaya bayan tashin ƙiyama. Aka ba da izini.

A 1538 Cromwell ya umarci kowane coci ya ajiye babban Littafi Mai Tsarki na Turanci inda kowa zai iya karantawa, limami da jama'a su raba kuɗin. Coverdale ya gyara bugun Matthew, aka cire sharhin gefe. An fara bugawa a Paris, hukumar binciken bidi'a ta can ta ƙwace takardu, aka kwaso injuna da ma'aikata zuwa Landan, littafin ya fito a 1539. Hoton shafin farko yana nuna sarki a kan karaga yana miƙa littafi ga Cranmer da Cromwell, su kuma suna miƙawa ƙasa, talakawa na yi wa sarki fatan tsawon rai. An buga shi sau bakwai kafin ƙarshen 1541. A 1541 aka tsayar da farashi, sule 10 wanda ba a ɗinke ba, sule 12 mai bango, aka kuma sa tarar sule 40 a kowane wata ga cocin da bai saya ba. Biyu daga cikin bugun nan suna ɗauke da sunan Tunstall a shafin farko, a matsayin ɗaya daga cikin bishop biyu da suka duba littafin bisa umarnin sarki.

1543 zuwa 1547: ja da baya

An kashe Cromwell a 1540. Ƙorafi ya yi yawa cewa mutane na karatu da ƙarfi a lokacin ibada, suna gardama a gidajen giya. A 1543 majalisa ta haramta fassarar da ke ɗauke da sunan Tyndale, ta hana leburori, manoma, masu sana'ar hannu, masu koyon sana'a da matan da ba na manyan gida ba karanta Littafi Mai Tsarki. A 1546 an sake ƙone littattafai a St Paul. Amma babban littafin bai bar coci ba, kuma bayan mutuwar Henry a Janairun 1547 aka soke dokar.

Hukunci

Ba daidai ba ne a ce wuta ba ta yi komai ba. Daga bugun Worms kwafi uku kacal aka san sun rage a duniya, ko da yake yawan karatu ma ya cinye wasu. Kame-kamen 1528 ya wargaza hanyar Oxford, kuma kisan 1531 ya ɗauke gwanayen masu dako. Abin da duk matakan bishop suka kasa taɓawa shi ne injin da ke Antwerp. Dokar 1409 an yi ta ne don kwafin hannu, inda ƙone littafi ke nufin rage adadi. Da injin ya shigo, ƙone kwafi dubu sai ya zama labari mai daɗi ga mai ɗab'i, wanda ko ba ruwansa da addini ya ga kasuwa. Saye kuwa ya fi kowane mataki muni, tunda kuɗin coci ne ya tafi kai tsaye aljihun masu bugawa. Raddin More ya fi sauran hankali a tunani, domin ya gane cewa a harshen jama'a za a yi gardamar, sai dai tsawonsa ya fi ƙarfin mai sule 3.

A ganina kuskuren da ya fi tsada shi ne na 1523. Dokar ta ba Tunstall ikon ba da izini, yana da ilimin da zai duba fassarar kalma bayan kalma, kuma mai fassarar da ƙafarsa ya zo. Tsoronsa na da dalili, tunda shekara biyu kacal da ƙone littattafan Luther, kuma ya ga inda fassarar Jamusanci ta dosa. Amma da ya ce a'a, bai tanadi wata fassara da zai ba masu nema ba, alkawarin 1530 ma ba a cika shi ba sai da siyasa ta tilasta.

Abin da ya rage wa fasa-ƙwaurin ƙarfi shi ne halattaccen bugu, babba, marar sharhi, wanda kowa zai karanta kyauta a cocin unguwarsa. Wannan mataki daga fada ya fito, rikicin auren sarki ne ya buɗe masa hanya, kuma ya zo da farashin da Tunstall ya ƙi biya tun farko: ikon cewa wane ne zai karanta nassi, da wace fassara, ya tashi daga hannun bishop ya koma hannun sarki da majalisa. Dokar 1543 ta nuna cewa su ma sun yi niyyar amfani da ikon don taƙaita karatu, amma a lokacin kusan kowane coci a Ingila ya riga ya biya kuɗin kwafinsa, kuma mafi yawan kalmomin Sabon Alkawarin da ke ciki na Tyndale ne.